Labaran Mai Injin Faranti

Duk wanda ya san Labaran Ado a unguwar Al Nahda ta Dubai ya san shi da jakar kayan aiki mai ruwan toka, da wata hula kube da ba ya rabuwa da ita ko da ya sa rigar kamfani. Idan baƙo daga gida ya tambaye shi sana'arsa, sai ya ce, "Faranti nake cillawa sama, Larabawa su fasa." Daga nan sai ya bar mutum da baki buɗe, ya gama kurɓar shayinsa tukuna, sannan ya yi bayani.

Bayanin kuwa shi ne, a bayan gari, can inda dogayen gine-ginen Dubai suke ƙarewa yashi ya karɓa, akwai wani kulob na masu wasan harbi. Ba tsuntsu suke harbi ba, ba dabba ba. Wani ɗan faranti ne na yumɓu mai ruwan lemo, faɗinsa bai wuce tafin hannu ba. Inji ke cilla shi sama kamar an tashi tsuntsu daga cikin ciyawa, maharbi ya bi shi da bindiga ya tarwatsa. Injinan da ke wannan cillawa guda goma sha huɗu ne, kuma duk a hannun Labaran suke. Shi ke duba batirinsu, shi ke shafa musu mai, shi ke hure yashin da ya shige musu. In ɗaya ya yi gardama ana tsakiyar wasa, sunansa za ka ji ana ƙwalawa.

Shekara bakwai ya yi a wannan wuri, kullum ƙarar bindiga a kunnensa, amma har zuwa bara bai taɓa ɗora ko ɗaya a kafaɗa ba. Abokan aikinsa sun ɗauka tsoro ne. Ba tsoro ba ne, tsohon miki ne.

A wani ƙauye kusa da Burra, ƙasar Ningi, aka haife shi. Mahaifinsa, Malam Ado, maharbi ne ɗan maharbi, irin wanda in ya fita da asuba matan gida ke ɗora tukunya ba tare da sun jira sun ga abin da zai kawo ba. Yayyen Labaran biyu tun ba su yi gemu ba suke shigowa gida da fakara a rataye. Shi kuwa shekara huɗu yana bin uban daji, ko kurciya bai taɓa kayarwa ba. A zaune take bisa reshe, a tashe take, duk ɗaya ne, zai auna har numfashinsa ya ɗauke, ya harba, tsuntsuwa ta tashi ta yi tafiyarta lafiya lau. Malam Ado ba mafaɗaci ba ne, amma yana da baki. Yakan karɓi bindigarsa ya ce, "Labaran, tsuntsayen dajin nan ba su da masoyi irinka." Kafin a jima yaran gari suka sa masa Aminin Fakara, sunan kuma ya bi shi.

Da ya ga barewa ta yi gudu shi kuma rarrafen ma ya gagare shi, sai ya koma kwance tocilan da rediyon mutane. A nan hannunsa ya faɗa. Wani kawunsa ya kai shi makarantar koyon sana'a a Bauchi, daga can ya gangara Kano ya yi shekaru yana gyaran janareta a Ƙofar Ruwa. A Kanon ya auri Ramlat, 'yar wani tela da ke Fagge, suka haifi 'yarsu Murjanatu. A shekarar 2014 wani kamfanin gyaran na'urar sanyaya ɗaki ya ɗebi ma'aikata zuwa Dubai, har da shi. Ya yi shekara uku yana hawa saman benaye rana na gasa masa ƙeya.

Wata rana aka tura shi gyara a ofishin kulob ɗin nan. Yana kan tsani ya ji wani inji a waje yana ƙara ƙas, ƙas, ba ya cilla komai, mutum uku sun kewaye shi suna ta duka. Zuciyarsa ta kasa jurewa. Ya sauko, ya nemi izini, ya buɗe akwatin wutar, ya ga wata waya ce ta saki. Bai yi minti biyar ba faranti ya tashi sama. Manajan wurin, wani Balarabe ɗan ƙasa mai suna Sulaiman, yana tsaye yana kallo. Bai tambaye shi takarda ba, ya ce masa kawai, "Yaushe kwangilarka za ta ƙare?" Bayan ya kama aiki da shekara biyu ya samu halin ɗauko Ramlat da 'yarsu, suka kama ɗaki biyu a wani bene a Al Nahda. Ramlat ta samu aiki a shagon ɗinkin abaya a Naif, tana jera duwatsu a bakin hannu da wuya.

Bara, cikin watan Satumba, kulob ya yanke shawarar buɗe wani ƙaramin fili don masu koyo da iyalai kafin sanyi ya shigo, lokacin da mutane ke fitowa. Ana bukatar inji mai taya, wanda za a iya turawa duk inda ake so. Dillali ya kawo guda uku ya ajiye, ya ce a gwada mako guda. Sulaiman ya kira Labaran da sunan da ya saba kiransa, wato Baban Murjanatu da Larabci.

"Abu Murjana, kai za ka zaɓa. Kai za ka zauna da shi, ba ni ba."

Ya faɗi haka ne kuwa hannunsa na shafa na farkon, wani ƙaton ja mai ƙyalli da ke cin faranti wajen ɗari uku, kuma da wayar hannu ake ba shi umarni. Kowa ya ga inda zuciyar manaja take. Na biyun ɗan ƙarami ne, faranti hamsin kawai yake ɗauka, mutum ɗaya na iya rungumarsa ya sa a bayan mota. Na ukun kore ne, mummuna, mai taya biyu da hannaye kamar baro. Faranti ɗari da hamsin yake ci, yana da abin takawa da ƙafa a ƙarshen wata doguwar waya, gindinsa kuma yana iya juyawa hagu da dama, sama da ƙasa, ta yadda maharbi ba zai san inda farantin zai nufa ba. Labaran ya zagaya su sau biyu, ya raɗa musu suna a ransa, Amarya da Auta da Jaki.

Washegari da dillalin ya zo da sanyin safiya don a gwada, Labaran ya ce a'a, sai rana ta take. Ƙarfe goma sha biyu ya jera su a tsakiyar fili, ya bar su suka sha rana awa guda. Da aka zo kunna Amarya, wayar da ke ba ta umarni ta ɗauki zafi ta kashe kanta. Dillali ya ruga da ita inuwa yana yi mata fifita da hularsa. Auta ya tashi ba gardama, sai dai saboda rashin nauyi duk cillawar da ya yi sai ya ɗan yi tsalle ya gusa, kafin a kai faranti na ashirin ya juya fuska ya fara jifan katanga. Jaki kuwa ko a jikinsa.

A rana ta uku Labaran ya sunkuya ya ɗebi yashi cikin tafin hannu ya watsa wa kowane a inda hannun cillawa yake juyawa. Dillalin ya yi tsalle.

"Me kake yi haka? Sababbi ne fa!"

"Yashin nan ba ni na kawo shi Dubai ba," in ji Labaran. "In ban zuba yau ba, iska za ta zuba jibi."

Ya zauna bisa akwati da ɗan littafinsa, ya sa kowane ya cilla ɗari, yana lissafa waɗanda suka fito a fashe tun daga bakin inji, don ba abin da ke kashe wa mai koyo gwiwa kamar ya shirya, ya kira, gutsattsari su fito masa. Amarya ta fasa tara. Auta ya fasa shida. Jaki biyu. Ya duba ko kowane yana da maɓallin sakin hannu, wanda ake dannawa a kwance ƙarfin sifirin, wato murɗaɗɗen ƙarfen da ke ɗana hannun cillawa, kafin mutum ya matso zuba faranti, domin wannan hannun ƙarfen in ya sami ƙaurin mutum sai an kai shi wajen ɗori. Ya gwada sifanansa na yau da kullum a jikin notinan. Na Amarya ba su shiga ba, sai da wani makulli na musamman da ake aikowa daga ƙasar da aka ƙera ta. Ya buga waya ga wani mai sayar da kayan gyara a Sharja ya tabbatar ana samun sifirin da ƙaramar motar Jaki a can.

Ana cikin haka, Jaki ya juya gindi ya cilla wani faranti ƙasa-ƙasa, ya yi kamar zai taɓa yashi sannan ya ɗaga ya karkata dama. Labaran bai san lokacin da maganar ta fito masa da Hausa ba.

"Kai! Tashin fakara sak."

"A ina ka san tashin fakara?"

Mai tambayar Mubashir ne, malamin da ke koyar da harbi a kulob ɗin. Mutumin Sudan ne, dogo, mai furfura a gefen kai, kakarsa kuma Bahaushiya ce cikin waɗanda suka tafi hajji da ƙafa suka zauna a hanya. A wurinta ya tsinci wata tsohuwar Hausa mai daɗin ji, wadda yake haɗawa da Larabci. Shekara bakwai suna shan shayi tare da Labaran, amma zancen Ningi bai taɓa haɗa su ba.

"Labari ne mai tsawo, Malam," in ji Labaran, ya mayar da kai kan littafinsa.

Ranar da mako ya cika ya kai wa Sulaiman littafin. Manaja ya karanta, ya leƙa ta taga ya dubi jan injin, ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda aka hana auren da yake so.

"Wannan koren ko a hoto ba zai yi kyau ba."

"Manaja, ba hoto zai ɗauka ba, aiki zai yi."

"Khalas, shi ke nan, na yarda. Amma da sharaɗi. Wanda ya dafa abinci shi ke fara ɗanɗanawa. Kai za ka fasa farantin farko."

Labaran ya kawo uzuri iri-iri, ya ce akwai batir a caji, ya ce kafaɗarsa na ciwo. Ba wanda ya saurare shi. Aka sa masa abin toshe kunne da tabarau, Mubashir ya miƙa masa bindiga mai baki biyu, ya nuna masa yadda zai tsaya. A wurin nan in maharbi ya shirya yakan yi kira a sakar masa faranti, Turawa da kalmarsu, Larabawa su ce yalla, wasu kuma gurnani kawai suke yi. Labaran ya ce, "Bismillah." Faranti ya tashi, ya harba, farantin ya ci gaba da tafiyarsa har ya sauka can cikin yashi lafiya lau. Na biyu haka. Na biyar haka. Da aka kai na goma sai shi da kansa ya fashe da dariya, ya karya bindigar, wato ya buɗe ta a tsakiya, ya cire kwanson harsashi, ya ba su labarin Aminin Fakara daga farko har ƙarshe. Sulaiman ya yi dariya har ya riƙe ciki.

Mubashir bai yi dariya ba. Tun harbi na uku ya lura da yadda Labaran ke kwantar da kai yana tsallake gindin bindigar da fuska, kamar mai leƙen katangar maƙwabta.

"Ajiye bindigar, ya zol," ya ce, kamar yadda 'yan Sudan ke kiran mutum. "Miƙe hannuwanka biyu. Haɗa su, ka bar 'yar ƙofa a tsakiya. Ka ga tankin ruwan can? Dube shi ta ƙofar, idanunka duka a buɗe. To, jawo hannun a hankali zuwa fuskarka, kada tankin ya ɓace maka."

Labaran ya jawo. Hannuwan suka zo suka tsaya a kan idonsa na hagu.

"Sake."

Ya sake. Hagu dai.

"Da wane hannu kake cin abinci?"

"Haba Malam, da dama mana."

"Sukudireba fa? In aiki ya yi wuya, ba kowa a kusa?"

Labaran ya dubi hannunsa na hagu. Ya tuna kakarsa Iya, da wani tsumma shuɗi da take ɗaure masa hannun hagu da shi yana ɗan shekara huɗu, tana cewa ba a bahago a gidanta. Ya daɗe da manta wannan tsumman. Ya ba Mubashir labarin.

Mubashir ya yi masa bayani. Kowane mutum yana da ido ɗaya da ke jagora, ɗayan bi kawai yake yi. Na Labaran na hagu ne, bindiga kuwa a kafaɗar dama aka koya masa ɗorawa. Saboda haka ido na kallon wuri ɗaya, bakin bindiga na kallon wani. "Iya ta gyara hannu," in ji shi, "amma ido ba ya ɗauruwa da tsumma. Mayar da ita kafaɗar hagu."

Da ya mayar sai ya ji kamar ya sa takalmi a juye. Faranti na farko ya wuce. Na biyu ya wuce. A na uku sai ga wani ɗan ɓangare ya ɓantare daga gefe, ya yi nasa wuri, sauran ya karkace ya faɗi.

"Ya samu!" Mubashir ya ɗaga hannu. "Ko ƙwaya ɗaya ta ɓalle, a dokar wasa an fasa."

Labaran yana da shekara arba'in da shida a ranar. Ya karya bindigar kamar yadda doka ta ce, ya miƙa wa Mubashir, ya koma ya zauna bisa akwatin faranti. Dariya yake yi, amma sai da ya cire tabarau ya goge ido da gefen riga. Sulaiman ya dafa kafaɗarsa ya ce mabruk, wato barka, sannan ya juya ya ce wa dillali ya zo ya kwashe sauran biyun.

Daga nan aka shiga koyo. Motar ma'aikata na barin Al Nahda bayan sallar asuba, ta isa kulob da kusan awa guda kafin a buɗe. Mubashir, wanda makullin ɗakin bindigogi ke hannunsa, ya ware masa rabin awa duk Talata da Alhamis. Labaran ya so a saki Jaki ya yi ta juyi tun ranar farko, malamin ya hana. Aka kulle gindin injin ya tsaya cak, aka sassauta sifirin don farantin ya riƙa tafiya a hankali, Labaran ya tsaya daf da bayansa yana harbin abin da ke miƙewa gabansa ɗoɗar. Mako biyu ana wannan, har ya fara fasa bakwai cikin goma, ya fara tafiya yana buɗa kafaɗa.

Sai Mubashir ya ja wayar abin takawa ya matsar da Labaran taku goma zuwa gefe, yadda farantin zai riƙa gilmawa ta gabansa. Nan take aka koma gidan jiya. Goma ya harba, goma suka tsira.

"Kana harbin inda ya bari ne," in ji Mubashir. "Kafin harsashinka ya isa, ya yi gaba. Wuce shi kaɗan, ka harbi inda za shi. Kuma kada ka tsayar da bindiga don ka ja kunama, bar ta ta ci gaba da tafiya."

Faɗa da sauƙi. Wata guda cur wannan darasi ya ci masa. Akwai kuma wata matsalar, tunda shi ke taka abin da ƙafarsa, ya san daidai lokacin da farantin zai fito, har jikinsa ya saba da yin gaba kafin ido ya gani. Shi da kansa ya gano maganin, ya kunna wani maɓalli da ke sa injin ya ɗan yi jinkiri bayan an taka, wani lokaci daƙiƙa ɗaya, wani lokaci uku, ba ka sani ba. Kafaɗarsa ta hagu ta yi baƙi-baƙi, kuncinsa ya tasa. Ramlat ce mai shafa man zafi, tana shafawa tana mita. Da ya dawo daga aiki kuma sai ya ɗauki sandar mofa ya tsaya a barandar gida yana ɗagawa zuwa kunci yana saukewa, sau hamsin, kamar yadda aka umarce shi, yana bin layin da bango ya haɗu da silin.

"Abban Murja," in ji Ramlat daga kicin, "in ka gama kashe silin ɗin, a taimaka a goge mana ƙasa da ita."

Sau ɗaya Jaki ya koya masa hankali. Shi Labaran ne ya kafa dokar cewa ba mai matsawa kusa da inji sai ya danna maɓallin sakin hannu, kuma ya sha yi wa sababbin ma'aikata faɗa a kai. Wata safiyar Alhamis, ɗokin ya fasa takwas a jere ya ɗebe shi, ya zo ƙara faranti bai danna ba. Ya ɗora filas ɗin shayinsa a kan tiren injin, ya juya ɗauko kwali, dugadugansa suka sauka kan abin takawa. Hannun ƙarfen ya zabga wa filas ɗin mari, ya tashi sama yana feshin shayi, ya dira can wajen taku ashirin a lotse. Mubashir ya dube shi, ya dubi filas ɗin.

"Da ƙafarka ce fa?"

Labaran ya je ya ɗauko filas ɗin. A ranar ya samo jan fenti ya zagaye injin da layi a ƙasa, ya rubuta gargaɗi da Larabci da Turanci, ya ƙara da Hausa a ƙasa don kansa.

Cikin watan Disamba aka saki gindin Jaki ya riƙa juyawa yadda ya ga dama, Labaran ya fasa goma sha tara cikin ashirin da biyar. Mubashir ya ɗauke shi a waya, shi kuma ya tura wa babban wansa a ƙauye. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ga kira. Malam Ado ne, ya haura tamanin, yana zaune a zaure an riƙe masa wayar daf da fuska.

"Labaran, na ga abin. Wannan da kake fasawa, ana ci?"

"Ba a ci, Baba. Yumɓu ne."

"To, har yanzu dai ba ka kawo nama gida ba ke nan."

Aka kwashe da dariya a zauren, Labaran ma ya yi. Da dariyar ta lafa tsohon ya ce a matso masa da wayar.

"Me ya sa ka ɗora ta a hagu?"

Labaran ya ba shi labarin tankin ruwa da 'yar ƙofar hannu. Malam Ado ya sa aka maimaita masa, sannan ya miƙa busassun hannuwansa ya gwada da kansa, yana duban bishiyar darbejiyar ƙofar gida. Nasa ya zo dama. Ya sauke hannuwan a hankali.

"Shekara huɗu ina kallon hannunka," ya ce. "Ban taɓa duba idonka ba. Allah Ya jiƙan Iya, ita ma ba ta sani ba." Sai kuma ya ɗaga murya yana kiran a tara masa jikokinsa maza duka a zaure, yanzun nan, kowa ya miƙo hannu. Wayar ta katse ana hayaniya. Labaran ya daɗe riƙe da ita a hannu, har Ramlat ta leƙo ta ce abinci na hucewa.

A farkon Janairu aka buɗe sabon filin. Aka kafa rumfa, aka kawo gahawa da dabino, iyalai suka cika wurin. Sulaiman ya ba ma'aikata dama kowa ya gayyato nasa, Ramlat ta ɗauki hutun rabin yini ta zo. Labaran ya sha sabuwar riga, yana tsaye gefen Jaki, duk wanda ya zo sai ya yi masa bayanin inji kamar shi ya ƙera shi. Da layi ya ragu ya yafito matarsa.

"Zo ki gwada, Maman Murja. Kada ki damu in ba ki samu ba. Abin yana son haƙuri, ni kaina sai da na yi wata uku."

"Ni da ko ƙarar fashewar balan-balan ba na so?"

Mubashir ya lallashe ta, ya ɗauko mata wata bindiga marar nauyi da ake ba masu farawa, ya nuna mata tsayuwa da riƙo. Ta gyara mayafinta ta ɗaure shi ta baya, ta sa abin toshe kunne, ta ce da ƙaramar murya, "To, sako." Faranti ya tashi. Ta harba, ya zama gari a sama. Ta yi 'yar ƙara, ta kusa sakin bindigar, Mubashir ya tare.

"Sa'a ce," in ji Labaran. "Ta farko takan zo da haka."

Na biyu ya tarwatse. Na uku ya wuce. Na huɗu da na biyar suka tarwatse. Da aka kai goma ta fasa bakwai, matan Larabawan da ke rumfa suna ta tafi. Mubashir ya tambaye ta ko ta taɓa harbi, ta ce ita dai tun tana yarinya ba ta taɓa jifan mangwaro ta kuskure ba. Labaran ya sunkuya yana duba wayar batir, wadda ba abin da ya same ta.

A motar komawa gida Labaran ya yi ta kallon hanya har suka wuce gadar da ke shiga unguwa. Can ya ce, ai an sassauta sifirin ne saboda baƙi, kuma yau babu iska. Ramlat ta ce haka ne, tana kallon taga tana danne dariya.

Yanzu kulob ya ware safiyar Asabar ta farkon kowane wata don mata masu koyo, Ramlat ba ta fashi. In an tashi, Mubashir kan bar su su biyu su yi zagaye ɗaya na ashirin da biyar, Jaki na juyi yadda ya so. Sau biyar suka kara, Labaran ya ci ɗaya, suka yi kunnen doki a ɗaya, ita ta ci sauran ukun. A na watan jiya ita ta fasa ashirin da ɗaya, shi ashirin. Ya ce rana ce ta haske masa ido a faranti na ƙarshe. Ta cire abin toshe kunnenta ta miƙa masa, ta ce wata mai zuwa ya zo da wuri ya zaɓi inda zai tsaya, ita ko ina aka ba ta ya yi.